Kebul ɗin Malam Jadawali

Mijin yayata bai taɓa tuƙa mota ba, bai taɓa zuwa sayen tumatir shi kaɗai ba, kuma ban taɓa ganin ya zaɓi rigar da zai sa da kansa ba. In ka tambaye shi dalili, amsarsa a aljihu take. Mota ta masu gaggawa ce. Masu tumatir sun fi jin kunyar mata. Riga kuwa, ai dalilin da ya sa ya yi aure ke nan. Na daɗe ina ɗaukar wannan son jiki ne kawai, har ranar da na tarar da Yaya zaune da allura tana ɗaura ƙulli a cikin wuyan sabuwar rigarsa.

Na ce, "Yaya, wannan kuma wane irin ɗinki ne?"

Ta tashi ta tura ƙofa tukuna. Ta ce, "Auta, in maganar nan ta fita, ni da kai ne."

Ashe bawan Allah ba ya bambanta launi. Ja, kore, ruwan lemo, ruwan ƙasa, duk 'yan ɗaki ɗaya ne a idonsa. Riga mai ƙulli biyu tana tafiya da wando mai ƙulli biyu, shi ke nan asirin kwalliyarsa. Yaya ta gano ne a makon farko na aurensu, da ya shigo yana taƙama da kwandon tumatir ɗanye shar, wai ya yi mata cefane. Ranar ya gaya mata cewa yana ɗan firamare ya taɓa shafa wa ganyen bishiya ja a littafin zane, malami ya ɗaga littafin sama, aji ya yi ta dariya har ƙarshen zango. Tun daga nan ya rantse ba wanda zai sake yi masa wannan dariyar. Shekara talatin da shida ke nan, duk inda suka shiga mutane, Yaya na matsowa kusa da kunnensa tana raɗa masa: ja ce, kore ne. Dangi suna cewa ba su taɓa ganin tsofaffi masu soyayya irin tasu ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, kuma ko takardar sallama ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Da ma'aikatar ta kawo sababbin fayil masu launi don a riƙa gane sashe da sashe, ya ce launi aikin yara ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya buga musu lamba. Aka ba shi takardar yabo. Da ya yi ritaya sai ya juyo da basirar cikin gida. Ya sa wa tukwane lamba. Ya buɗe wa cokula kati. Ranar da Yaya ta ga ya nufi akwatin zannuwanta da biro a hannu, ta kira ni a waya.

"Auta, zo ka ɗauke min mutumin nan. Ko'ina ne ka kai shi."

Na kai shi ƙungiyarmu ta masu sha'awar kwamfuta. Duk Asabar da safe muke haɗuwa a ɗakin baya na laburaren unguwa, tsakanin karyayyun kujeru da damman tsofaffin jaridu, ƙarƙashin fanka mai kukan akuya. Ba mu wuce mu goma sha biyu ba. Akwai Injiniya, wanda sana'arsa ja wa ofisoshi kebul da haɗa musu kwamfutoci, shi ne kusan shugabanmu duk da ba wanda ya zaɓe shi. Akwai wani tela, da malaman makaranta biyu, da ni mai gyaran firinta. Akwai kuma Nas, ma'aikaciyar jinya, wadda ta fi kowa zuwa da wuri, ta fi kowa yin shiru. Dokarmu ɗaya ce tak: abin da ka iya ka koyar, abin da aka koya maka ka yi shi da hannunka a gaban jama'a.

Ranar farko mijin Yaya ya zauna ya harɗe hannuwa yana kallonmu kamar mai duba jarrabawa. Sai ɗaya daga cikin malaman ya soma bayanin rumbun bayanai, ya zana jadawali a allo, ya ce kowane layi abu ɗaya ne, kowane abu da lambarsa wadda ba ta maimaituwa, kuma da wannan lambar jadawali ke kiran ɗan'uwansa. Na ga mijin Yaya ya saki hannuwa. Ya matso da kujera. Can ya buga cinya.

"Ashe kati ne! Yara, ai kati ne kuka sa wa lantarki!"

Wata uku bayan nan shi ke koya mana. Ya ƙwace tsohuwar kwamfutar 'yarsa, yana danna ta da yatsa biyu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, amma in ya tsara maka rumbu ba za ka sami abu ɗaya a wuri biyu ba. In ka rubuta sunan marubuci sau biyu a jadawali, zai dube ka ta saman tabarau har sai ka ji kamar ka yi sata. Tela ne ya laƙaba masa Malam Jadawali, sunan ya bi shi har gida.

Mai Laburare, wata dattijuwa da ba ta da kalmar da ta fi so irin "shhh", ita ta ba mu ɗakin kyauta. Don mu rama alheri muka ce za mu gina mata shafin da mai neman littafi zai rubuta suna a kwamfutar da ke teburin gaba, nan take ya ga ko akwai shi, da kantar da yake, da ko wani ya ara. Malam Jadawali ya ɗauki rumbu. Nas ta ɗauki shafukan da mutane za su gani. Wannan ne aikinta na farko, ta kuma ɗauke shi da zafi. Wata biyu tana zuwa duk ranar hutunta, tana ɗaukar hoton bangon littattafai ɗaya bayan ɗaya, dubu ɗaya da ɗari huɗu, don a cewarta yara sun fi gane littafi da fuskarsa.

Sau ɗaya suka yi saɓani ita da Malam. Ta yi maɓalli biyu masu kyau, kore na adanawa, ja na gogewa, ba rubutu a kansu. Malam ya kafe sai an rubuta "Adana" da "Goge" ɓaro-ɓaro.

Injiniya ya ce, "Haba Malam, wa zai ga ja ya danna?"

Ya ce, "Ni dai a ofishinmu abin da ba a rubuta ba, bai faru ba."

Aka yi dariya, aka rubuta. Ni kaɗai na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

To sai aka zo maganar kebul. Tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da rumbun tana ɗakinmu na baya, ta masu neman littafi tana can gaba, tsakaninsu mita arba'in da katanga biyu. Injiniya ya ce wannan dama ce ta koyon haɗa kan kebul. Ya feɗe bakin kebul ya nuna mana: siraran wayoyi takwas ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu, kowace mai launi tare da abokiyarta fara mai ratsin launin. Za ka warware su, ka jera, ka cusa a ɗan kan roba, ka matse da filaya. Jerin kuwa da waƙa yake koyar da shi, yana kaɗa filaya a tebur:

"Farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ƙasa, ƙasa!"

Muka yi ta rerawa kamar 'yan aji ɗaya. Na saci kallon Malam. Bakinsa na motsi tare da namu, goshinsa na tsattsafo da gumi. Daga cikin launi huɗun nan, shuɗi kaɗai ya san fuskarsa. Da aka ɗan lafa ya ɗaga hannu, ya tambaya cikin muryar da ba ta nuna komai:

"Injiniya, mene ne muhimmin abu a jerin nan?"

Injiniya na kokawa da wani kai da ya ƙi shiga, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. "Kai biyun su zo daidai, Malam. Abin da ya shiga ta ɗaya a can, ya fito ta ɗaya a nan."

Malam ya roƙi guntun kebul ya tafi da shi gida. Yaya ta ce kwana uku yana juya shi a gaban taga da gilashin ƙara girma, ta yi tayin taimako ya ce ba a shiga ɗakin jarrabawa da mata. Abin da ya gano kuwa, har yau ina sara masa. Ashe murɗin wayoyin ba ɗaya ba ne: wasu biyun an murɗe su tamau, wasu sako-sako. Ya ƙirga murɗin kowanne a tsawon ɗan yatsa, ya ba su lamba ɗaya zuwa huɗu. Launi ya zama ba ruwansa. Sai ya jera su yadda duk mai hankalin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jera fayil zai yi: kowace waya kusa da abokiyarta, biyu-biyu, tsaf.

Asabar ta zo, aka ce babban kebul na babban mutum ne. Malam ya zauna, ya feɗe, ya jera, ya matse. Ya zura wa kowane kai 'yar hular roba. Injiniya ya sa testa, ɗan akwatin da ke da fitila takwas, kowace waya da tata. Ɗaya, biyu, uku, har takwas, duk suka kama bi da bi. Muka tafa har Mai Laburare ta leƙo ta ce shhh. Wa zai tsaya duba aikin Malam Jadawali? Aka tura kan kebul bayan kabad, aka mayar da kabad wurinsa.

Shafin ya ƙi tafiya. A ɗakin baya yana gudu kamar an kore shi, a teburin gaba kuwa sai ka rubuta sunan littafi, ka je ka sha ruwa, ka dawo ka tarar da rabin hoto. Wani lokaci ya ɗauke ɗungurungum. Injiniya ya sake sa testa, fitila takwas suka yi masa murmushi. Ya ce kebul lafiya lau. Rumbu kuwa na Malam ne, ba a ma kawo shi cikin zance ba. Sai idanu suka juya kan Nas.

Injiniya ya ce, "Hotunan nan ne suka yi nauyi. Shafi ai ba kundin hotunan biki ba ne."

Ta rage musu girma. Bai gyaru ba. Ta sake ragewa har bangon littafi ya koma kamar kan sarki. Bai gyaru ba. Tela ya ce cikin wasa wai allurar asibiti da ban, kwamfuta da ban, aka yi dariya, ita ma ta yi, irin wadda ba ta wuce leɓe. Da za mu tashi ta naɗe wayar cajinta a hankali ta ce za ta cire hotunan duka, kuma daga Asabar mai zuwa kada a jira ta, dama ta san abin ba nata ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga yadda take shafa kowane bango da gefen mayafinta kafin ta ɗauki hotonsa.

Ranar Talata na je gyara firintar laburaren. Da na gama, zuciyata ta ce in ja kabad ɗin nan. Na zare kan kebul, na tuɓe masa hula, na ɗaga shi a haske. Roba ce garau, ana ganin komai. Ga su nan a jere biyu-biyu kamar 'yan makaranta za su shiga aji, kyakkyawan jeri wanda babu shi a waƙar Injiniya. Na ɗan karanta a wayata, na gane sauran. Testa ba ta san komai ba sai cewa waya ta kai daga can zuwa nan. Amma saƙo yana bin wayoyi biyu da aka murɗe tare, kuma na'ura tana neman biyun nan a gurbi na uku da na shida na ɗan kan robar. In ka ba ta baƙin juna, a gajeren kebul za ta daure, a mita arba'in sai ta rikice.

Na wuce gidan Yaya kai tsaye. Na same shi a tsakar gida yana shan shayi, na zauna na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Ya ajiye kofi. Ya dubi Yaya, ta dubi bango.

Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Shekara tara, Malam."

"Shekara tara kana kallona ina cewa mota ta masu gaggawa ce?"

"Ai gaskiya ce, Malam, ta masu gaggawar ce."

Bai yi dariya ba. Na ce masa abin mai sauƙi ne. Gobe zan koma da filaya, in yanke kan, in sa sabo, ba wanda zai ji ba wanda zai gani. Na ga fuskarsa ta saki, har ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa. Sai Yaya ta yi magana daga inda take tsaye.

"In ya gyaru gobe, me za a ce ya gyara shi?"

Ba ta jira amsarmu ba. Ta ce, "Za a ce don yarinyar nan ta cire hotunanta ne. Ko ba haka ba?"

Malam ya ce, "Ke ba ki san yadda dariyar nan take ba."

Ta ce, "Ban sani ba. Amma ita ta sani, tun ranar Asabar."

Ya tashi ya shige ɗaki. Har na tafi bai fito ba, kuma bai ce in je in gyara ba, bai ce kada in je ba. Na bar filayata a jaka.

Ranar Asabar na zo na tarar da abin da ban taɓa gani ba: Yaya a ɗakinmu na baya, zaune a kan damin jaridu da jakarta a cinya. Nas ma ta zo, wai ta kawo mabuɗin shafukan ta miƙa. Kafin Injiniya ya buɗe baki Malam ya miƙe, ya zaro kati daga aljihu, don shi ko gaisuwar mutuwa zai je sai ya rubuta. Ya dubi katin, ya mayar da shi aljihu.

Ya ce, "Laifin kebul ne, kuma ni na haɗa shi. Ban bi waƙarku ba domin ba na ganin abin da kuke rerawa. Kore da lemo da ƙasa duk ɗaya ne a wurina, tun ina yaro. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, mu wuce wurin."

Ba wanda ya yi dariya. Ya juya wajen Nas. "'Yata, na bari an ɗora miki kayan da ba naki ba. Ki yafe min. Hotunanki ba su da laifin komai."

Nas ta rufe baki da hannu. Injiniya kuwa tuni ya ja kabad ya zaro kan kebul yana juya shi a haske. Ya ce, "Tsaya, Malam. In ba ka ganin launi, ya aka yi kai biyun suka zo daidai, takwas cif?"

Malam ya yi bayanin murɗi. Injiniya ya feɗe sabon kebul, ya ƙirga da farcensa, ya sake ƙirgawa. Ya zauna a kan kujerar da muka san karyayya ce, ta kuwa kai shi ƙasa. A nan dariyar ta fashe, kuma ba Malam aka yi wa ba. Daga ƙasan yake cewa, "Shekara goma sha biyar ina wannan aiki ban taɓa ƙirgawa ba! Kuma ni na ce maka kai biyu su zo daidai, ban gaya maka dalilin jerin ba. Wallahi rabin laifin nawa ne."

Tela ya ce, "To ni yanzu na gane maganar Adana da Goge." Ya waiwaya wajen Nas, yana sosa ƙeya, ya ce maganar allurar nan ma a goge ta.

Doka dai doka ce, abin da aka koya maka sai ka yi shi a gaban jama'a. Injiniya ya zana gurabu takwas a allo, wannan karon da lambobi, ya nuna inda kore da farin kore suke rabuwa su sa shuɗi a tsakiya. Malam ya yanke tsohon kan da hannunsa. Ya feɗe, ya warware, ya baza wayoyin a tsakanin yatsunsa. Da ya so, da ya ƙirga murɗi kafin ya warware, duk mun san haka. Amma sai ya ware guda ɗaya, ya ɗaga ta sama, ya juya wajen damin jaridu, ya yi tambayar da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

"Wannan wane launi ne?"

Yaya ta miƙe. Na ga ƙafarta ta soma tafiya wajen kunnensa, yadda ta saba. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta gyara tsayuwa a tsakiyar ɗakin, idonta ya cika taf.

"Kore ne, Malam!"

Muryar ta ratsa katanga biyu har teburin gaba. Mai Laburare ta leƙo da yatsa a leɓe, ta dubi Yaya, ta dubi tsohon da ke riƙe da siririyar waya a sama, ta sauke yatsanta. Malam ya ɗaga ta gaba.

"Wannan fa?"